Gargaɗi kan masu tallan "koi ɗan Japan" da gina kududdufi a kwana uku

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani talla da ke yawo a Facebook da TikTok, yana kuma shiga zaurukan WhatsApp na matan gida da na masu sha'awar lambu: wai za a zo har gidanka a haƙa maka kududdufin ado, a shafe shi da siminti, a zuba tsirran ruwa da kifin ado mai launuka da ake kira koi "kai-tsaye daga Japan", duka cikin kwana uku, kuma a farashin da ko injin tace ruwa mai kyau ba zai saya ba. Don Allah kada wanda ya tura kafin alƙalami. Wata maƙwabciyarmu ta faɗa hannunsu, kuma yadda suka yi mata ya nuna ba yau suka fara ba.

Bidiyon da suke nunawa ba nasu ba ne, daga shafukan gonakin waje suke kwasowa. Da ka yi magana sai a nemi rabin kuɗi ko fiye. Wasu daga nan za su toshe lambarka, shike nan. Waɗanda suka fi wayo kuwa za su zo da gaske, su yi aikin, su zuba kifi, a yi hoto, a karɓi ciko. Su ne suka fi haɗari, domin idan kifin ya fara mutuwa laifin kanka zai dawo.

Alƙawarin kwana ukun kansa shi ne shaidar ƙarya. Kifi yana fitar da ammoniya ta numfashinsa da kashinsa, ita kuma guba ce gare shi. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama cikin matatar ruwa, suna mai da ammoniya ta koma naitirait, sannan naitiret, wadda ba ta da illa sosai kuma tsirrai na sha. Kafin waɗannan ƙwayoyin su kafu a sabon kududdufi ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Ga sabon siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa, yana ɗaga ma'aunin pH, wato ruwan ya koma kamar mai kanwa, har ya ƙone fatar kifi, sai an jiƙa shi an zubar sau da dama ko an shafe shi da fenti na musamman. Idan ruwan famfo ne, ga kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, wanda shi ma guba ne ga kifi. Duk wanda ya gama gini ya zuba kifi ran nan, ko dai bai san aikin ba ko kuma ya san ba za ka same shi ba in sun mutu.

Haka aka yi a gidan maƙwabciyar tamu. Kifin suka soma taruwa a saman ruwa suna haki, ta kira wanda ya yi mata aikin, ya ce ai ruwan burtsatsenta ne ba shi da kyau, amma Hajiya kada ki damu, akwai magani daga waje. Ya aiko da gora mai ruwa shuɗi a kan kuɗi masu yawa. Wani mai kiwon tarwaɗa da ya duba ya ce ba komai ba ne illa gishiri da shuɗin maganin nan da ake samu a kowane shagon kayan kiwon kifi. Ba ya cire ammoniya. Abin da ya kamata a ce mata shi ne ta canza wani kaso na ruwan, ta dakatar da ba su abinci, ta ƙara iska.

To shi kifin ma koi ne? Ku duba bakinsa. Koi yana da gashin baki gajeru a gefe biyu, kamar na tarwaɗa amma ƙanana. Jan kifin ado da ake sa wa a gilashi ba shi da su ko kaɗan, kuma shi ake yawan sayar wa mutane da sunan koi, musamman mai doguwar jela ko mai dabbare-dabbare. Asalin koi na ado daga lardin Niigata yake a Japan, yankin Ojiya da Yamakoshi, inda manoma suka fara zaɓen masu launi tun ƙarni na 19, kuma kowane iri da sunansa: Kohaku fari da ja, Sanke fari da ja da ɗigon baƙi, Showa baƙi da ja da fari. A 2018 an sayar da Kohaku guda ɗaya a Hiroshima kan kuɗin Japan yen miliyan 203. Ba wai kowane koi haka yake ba, akwai masu sauƙin kuɗi da ake ƙyanƙyashewa a wasu ƙasashe, kuma ba laifi ba ne a saye su in an faɗi gaskiya. Amma mai ce maka goma na Japan zai ba ka a kuɗin buhun abinci, ka tuna araha ba ta ado. Ka tambaye shi sunan gonar da kifin ya fito da takardar izinin shigowa ta hukumar NAQS mai tantance dabbobi da tsirran da ake shigowa da su Najeriya, za ka ji ya fara kame-kame.

Kifin da ba a san asalinsa ba yana iya zuwa da cutar KHV, wata cutar bairos da ke kama koi, wadda aka fara ganowa wajen 1998. Tana tashi ne idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 16 zuwa 28, tana iya kashe mafi yawan koi da ke kududdufi, ba ta da magani, wanda ya tsira kuma yana ɗauke da ita. Shi ya sa masu kiwo na gaskiya ke ware sabon kifi a wani mazubi mako 3 zuwa 4 kafin a haɗa.

Ramin da suke haƙawa ma bai kai gwiwa ba. Koi yana kai santimita 60 zuwa 90, yana shekara 25 ko fiye, yana son zurfin aƙalla mita 1. A zafin Afrilu irin na Kano da Sakkwato, ruwa maras zurfi nan da nan yake ɗumi, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin. Idan wuta ta ɗauke da dare babu sola ko janareto a kan injin iska, da asuba gawa za ka kwasa. Ba za su taɓa yi maka wannan maganar ba.

Tsirran kuwa abin dariya ne. "Furen ruwa na waje" da aka saka wa Hajiya a lissafi kainuwa ce, dashen Allah, da bado irin na fadamarmu. Wasu kuma suna kawo ciyawar nan mai fure shuɗi 'yar Kudancin Amurka da ta addabi ruwan Legas tun shekarun 1980. In ta yi yawa a busar da ita a ƙone, kada a jefa ta a kwata ko rafi. Irin bado mai launi bakwai da ake talla a hoto babu shi a duniya, aikin kwamfuta ne.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit, lambar asusu da hoton hirarsu, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. Idan sun zo sun yi aikin banza ne, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC na karɓar koke. A tura wa 'yan uwa.