Hitar Gas ta Portable Buddy a Cikin Motar-Gida: Tana Ɗumama Wuri, Amma Ba ta Kwana Ba Ce

A Amurka da Kanada akwai motocin da ake kira RV, wato manyan motoci ko tireloli masu gado da kicin da banɗaki, waɗanda ake fita da su yawon hutu, wasu mutanen kuma a cikinsu suke zaune shekara da shekaru. Galibinsu suna zuwa da injin ɗumama ɗaki mai amfani da gas na furofen, wanda ke fitar da hayaƙinsa waje. Aibinsa shi ne fankar da ke hura ɗumin tana shan batir sosai, ta yadda wanda ya yada zango inda babu lantarki, kamar hamadar Quartzsite ta jihar Arizona inda dubban masu irin waɗannan motoci ke taruwa a watan Janairu, yana iya wayar gari batirinsa ya ƙare. Wannan ne ya buɗe wa ƙananan hitoci kasuwa, kuma cikin waɗanda suka fi yin suna akwai Portable Buddy ta kamfanin Mr. Heater da ke Cleveland a jihar Ohio.

Hitar ƙarama ce, ana ɗaukarta da hannu ɗaya, ba ta buƙatar batir ko lantarki, kuma ana ɗaura mata ƙaramar tukunyar gas mai nauyin laba 1 a gefenta. Matakan zafinta biyu ne, BTU 4,000 da BTU 9,000 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), kuma kamfanin ya ce tana iya ɗumama wuri mai faɗin murabba'in ƙafa 225. A ƙaramar mota matakin ƙasa ya wadatar, domin da zarar farantin gabanta ya yi ja, cikin 'yan mintoci sanyin asuba yake karyewa, ba tare da ƙarar fanka ba. Ta wannan fuska ban ga abin kushewa a jikinta ba. Sai dai ba ta da na'urar daidaita zafi da kanta, saboda haka mutum ne zai riƙa kunnawa yana kashewa, kuma ƙaramar tukunyar ba ta kai awa 3 a matakin sama, a matakin ƙasa kuwa tana ɗan wuce awa 5.

Abin da ya fi jawo mata masu saye shi ne an amince a kunna ta a cikin ɗaki, kuma a nan ne ya kamata a yi karatun ta-natsu. Tana da kariya iri biyu: idan ta kife tana mutuwa nan take, idan kuma iskar oksijin ta ragu a wurin, ƙaramin harshen wutar da ke riƙe da ita yana mutuwa, bawul ya rufe gas. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, ita kuwa kariyar tana aiki ne idan ya sauka zuwa wajen kashi 18. Amma ƙarancin oksijin kawai take ganewa, ba ta jin gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma wadda kowace wutar gas ke iya fitarwa idan ƙura ta toshe ta ko iska ta gaza mata. Duk wanda ya taɓa jin labarin iyalin da suka kwanta da janareta a cikin gida suka kasa tashi ya san irin gubar da ake magana. Alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da mai barci ba zai farga da su ba.

Saboda haka ne takardar bayanin hitar ta hana kwana da ita a kunne, ta kuma wajabta barin kafar iska da ba ta gaza murabba'in inci 9 ba. A ganina, ya fi kyau a ɗan buɗe taga ɗaya da kuma murfin iska na rufin mota, domin sabuwar iska ta shigo ta ƙasa, gurɓatacciya ta fita ta sama. Haka nan bai kamata a kunna ta ba sai akwai ƙararrawar kabon monoksaid mai aiki, da ta gano yoyon gas wadda ake liƙawa kusa da daɓe, tun da furofen ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Waɗannan ƙararrawa suna da wa'adin aiki, don haka wanda ya sayi tsohuwar mota ya duba ranar da aka buga a jikinsu. Batun tazara ma ba ƙarami ba ne a wuri mai ƙunci, domin ana son a bar inci 30 a samanta da inci 24 a gabanta babu labule ko bargo ko katako, kuma a mota mai yara ko kare samun wannan fili yana da wuya.

Akwai wata illa da masu talla ba su cika ambata ba, wato danshi. Ƙona laba 1 na furofen yana samar da ruwa fiye da laba ɗaya da rabi, kusan kashi uku cikin huɗu na lita ke nan, kuma tun da hitar ba ta da bututun fitar da hayaƙi, duk wannan tururin a cikin mota yake tsayawa. Shi ne ke zama raɓa a gilashi, ya jiƙa ƙarƙashin katifa da bayan kabad, daga baya fumfuna ta biyo.

Masu son rage kashe kuɗi kan haɗa ta da babbar tukunya mai laba 20 ta hanyar tiyo. Hakan yana yiwuwa, bisa sharaɗin tukunyar ta zauna a waje, a kuma sa matatar da kamfanin ke sayarwa idan tiyon na roba ne irin wanda matsin gas ke tatso mai daga jikinsa, domin man yana toshe hitar. Duk mahaɗa a shafa mata ruwan sabulu a duba ko za ta yi kumfa, kuma ba a kunna hitar mota tana tafiya. Masu hawa tsaunuka kuma su sani cewa sama da ƙafa 7,000, kamar a garuruwa da yawa na jihar Colorado, tana iya riƙa mutuwa da kanta saboda iskar can ba ta da kauri.

Hukuncina shi ne ta cancanci kuɗinta ga mai neman abin da zai kore sanyi da yamma kafin a kwanta, da kuma da sassafe kafin rana ta ɗaga, yana zaune idonsa biyu. Wanda zai yi dukan hunturu a mota, yana bukatar ɗumi har gari ya waye, gara ya ƙara batir da farantin sola domin injin ɗumama ɗaki na asali da ya zo da motar ya kwana yana aiki, ko ya sa a girka masa hita mai amfani da gas ko dizal wadda ke jawo iskar ƙonawa daga waje, ta kuma mayar da hayaƙinta can.