Madubin hangen nesa mai 10x50: abin da na gani da shi a sama

Duk mai sha'awar fara kallon taurari, shawarata ya ajiye maganar teleskof tukuna, ya nemi madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa. Nawa a Kano na saya, a wani shagon kayan lantarki, kuma kuɗinsa bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Lamba 10 ɗin tana nufin yana kusanto da abu sau goma, 50 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Da dare ta biyun ce mai aiki, domin ƙwayar idon mutum ko a duhu da ƙyar take buɗewa ta kai milimita 7, shi kuwa gilashin yana tara haske wajen ninki 50 na abin da ido ke samu.

Mai shagon ya so ya haɗa ni da wani mai jan gilashi, an zuba masa manyan lambobi a jiki. "Alhaji, wannan har duwatsun wata za ka ƙirga," in ji shi. Da na leƙa hasumiyar masallacin da ke can nesa sai na ga ta zama biyu. Kada ka biya sai ka yi wannan gwajin a bakin shago. In hoton bai haɗe ya zama ɗaya ba, ciwon kai kawai za ka saya.

Kaza da 'ya'yanta ce ta fara biyana kuɗina. Da ido shida ko bakwai muke gani tun muna yara. A madubin nan gomomi ne, farare masu ɗan shuɗi, kuma duk sun shige cikin da'irar gilashin lokaci guda, abin da yawancin teleskof ba ya iyawa saboda filin da yake nunawa ƙarami ne. Haskensu yana shafe shekara wajen 440 kafin ya iso mana, alhali yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Yara ne ma a cikin taurari: shekarunsu kusan miliyan 100, rana kuwa ta kai biliyan 4.6.

Lokacin sanyi, bayan sallar isha'i, nemi taurari ukun nan da suka jeru reras a gungun Oriyon. Gefensu ta kudu akwai wani ɗan gajeren layi, a tsakiyarsa za ka ga abu kamar hazo. Nebula ke nan, gajimaren iskar gas da ƙura inda sababbin taurari ke samuwa, nisansa ya haura tafiyar da haske ke yi a shekara 1,300. Amma fa kada ka sa ran ruwan hoda da jan da kake gani a hotunan intanet. Toka-toka za ka gani. Kamara tana daɗewa tana tara haske, ido ba ya yin haka.

Andromeda ta fi ba ni wahalar nema. Tana sama ta wajen arewa, daga Oktoba zuwa Disamba da farkon dare, kuma in ka same ta ba ta wuce shatin ɗan yatsa a jikin gilashi ba. Sai dai wannan shatin galaksi ce sukutum, irin tamu da ke ɗauke da rana da taurari sama da biliyan 100, kuma hasken da ke shiga idonka ya baro can shekara miliyan 2.5 da suka wuce. Ƙanina ya leƙa ya ce, "Yaya, wai wannan ne kake hana kanka barci a kai?" Shi duniyar Jupita ce ta burge shi, don an ga ƙananan ɗigo a jere kusa da ita, washegari kuma sun sauya wuri. Watanninta ne manya guda huɗu, waɗanda masanin taurari Galileo ya gano a 1610. Zoben da ke kewaye da duniyar Satan (Saturn) kam ba ya fitowa, balle duniyoyin da ke zagaya wasu taurari, waɗanda aka tabbatar da fiye da 5,000.

Aibinsa babba shi ne rawar hannu. Nauyinsa ya kusa kilo ɗaya, kafin wani lokaci taurari sun fara tsalle, wuya kuma ta ƙage. Ni kan tabarma nake kwanciya, ko in dogara gwiwar hannu a kan katanga. Igiyar ratayawar da ta zo da shi ba ta da ƙwari, murafun gilashin kuma saurin faɗuwa gare su, ga ƙurar hunturu.

Sannan komai kyan madubi, sama ce ke da ta cewa. In hazo ya sauko, ko maƙwabta sun kunna fitilun sola, Andromeda ɓacewa take yi. Daren da aka yi ruwa gari ya washe, a ƙauye, ba wata, shi ne daren fita. Manhajar Stellarium ta kyauta tana taimaka mini wajen sanin inda zan duba.

In akwai yara a gida, a ɓoye shi da hantsi. Wanda ya kalli rana da shi zai iya rasa idonsa nan take.