Cities: Skylines bayan shekara goma: ya iya ɗaukar Birnin Kebbi kuwa?

Ranar 10 ga Maris, 2025, wasan kwamfuta na gina birni mai suna Cities: Skylines ya cika shekara goma cif da fitowa. Wani ƙaramin kamfani na garin Tampere a ƙasar Finlan, Colossal Order, shi ya ƙirƙire shi, kamfanin Paradox na Suwidin kuma ya kai shi kasuwa a 2015. Zuwa tsakiyar 2022 an sayar da kwafi miliyan 12. Yawancin wasanni shekara biyu zuwa uku an manta da su. Abin da ya raya wannan, a ganina, jama'ar da suka taru a kansa ne, masu zana gidaje da gadoji da motoci da rubuta gyare-gyare suna zubawa kyauta a Steam Workshop, rumbun kayan 'yan wasa na shagon wasanni na intanet mai suna Steam, don haka bikin nasu ne kafin ya zama na kamfani. Na gwada wasan a kan taswirar Birnin Kebbi, kuma a kan wannan gwajin sharhin nan ya tsaya.

Kai ne mai garin. Ana ba ka fili da kuɗin wasa 70,000 da bakin babbar hanya, sai ka shata titi, ka ja ruwa da wuta, ka ware inda za a yi gidaje da launin kore, shaguna da shuɗi, masana'antu da rawaya. Ginin kansa mutane ne ke zuwa su yi. An yanka filin gurbi-gurbi kamar na dara, kowane gurbi mita 8 tsawo da faɗi, kuma gini ba ya wuce gurbi huɗu daga bakin titi, wato mita 32. Fulotin nan namu na ƙafa 50 da 100 kusan gurbi biyu ne a huɗu, wanda ya san wannan ya huta da lissafi. Ƙaramin titi gurbi biyu yake ci, saboda haka in ba ka son fili ya tafi a banza, ka bar mita 80 daga tsakiyar wannan titi zuwa tsakiyar na gaba. In ka buɗa fiye da haka sai a bar kango a bayan gidaje, in ka matse kuma gidajen su fito ƙanana.

Kuɗin farko ba sa jure almubazzaranci. Tashar wuta mai amfani da gawayin kwal 19,000 take ci ta ba da megawat 40, injin iska kuma 6,000 amma ba ya wuce megawat 8, shi ma sai inda iska ke da ƙarfi. Masu farawa sukan zuba kuɗin a titi mai layi shida alhali garin ko mutum ɗari bai tara ba, su manta cewa kowane titi yana da kuɗin kula na mako-mako. A fara da burji, a zuba kwalta daga baya, wasan ya yarda a sauya titi ba tare da rushe gidajen gefensa ba muddin faɗin ɗaya ne. Haraji yana farawa a kashi 9 cikin ɗari. Da zarar an buɗe maka shi ka kai shi 12, mutane za su jure. Ka wuce nan, ƙorafi ya fara, daga nan sai ƙaura.

Darasin ruwa shi ne wanda na fi so kowane yaro ya gani da idonsa. Injin ɗibar ruwa da bututun zubar da ƙazanta duk a bakin gulbi ake dasa su, wasan kuma yana nuna inda ruwa ke gangarawa da 'yan kibiyoyi. Ka dasa na ƙazanta a saman na sha, ba da daɗewa ba za ka ga alamar ciwo ta bayyana a kan gidaje unguwa bayan unguwa, asibiti ya cika, motocin ɗaukar marasa lafiya su kasa. Haka in ka kafa tankin ruwa a ƙasar da masana'antu suka gurɓata. Duk wanda ya ga yadda amai da gudawa ke bin unguwa da damina ba ya buƙatar a yi masa tafsiri.

Inda wasan ya fi ƙarfi kuwa shi ne titi. Kowace mota da ka gani tana da gidan da ta fito da wurin da za ta, za ka iya danna ta ka bi ta har ta isa. Direbobin suna zaɓen hanya ne da tsawonta da gudun da aka yarda a kanta, 40 a ƙaramin titi, 50 a mai layi huɗu, 60 a mai shida, 100 a babbar hanya, kuma ba sa duba ko akwai cunkoso a gaba. Sannan tun daga nesa suke kama layin da za su karya kwana da shi. Shi ya sa za ka faɗaɗa titi zuwa layi shida ka tarar motocin duk sun jeru a layi ɗaya, biyar na zaman banza. Faɗaɗa titi ba ya maganin wannan. Maganin yana cikin tsari: babbar hanya ta sauke wa babban titi, shi ya sauke wa matsakaici, matsakaici ya raba wa lunguna, kuma kada a jera mahaɗa kusa da kusa a kan babban titi, domin motar da danja ta tsayar a ta biyu wutsiyarta za ta toshe ta farko. In babbar hanya mai layi uku ta fitar da reshe ɗaya, ka mayar da abin da ya rage layi biyu, in reshen ya dawo ta koma uku, nan take rububin shiga layi ya ragu. Masana'antu kuma a ba su tasu mafita zuwa babbar hanya, kada tirela ta ratsa cikin gidaje. Akwai ma'aunin tafiyar motoci, in ya haura kashi 80 garinka na numfashi. Sai dai a lura, motar da ta daɗe a cunkoso wasan yakan ɓatar da ita a hankali, don haka lambar da kake gani ta fi gaskiyar titinka kyau.

A wajen zaɓen taswira akwai wurin sauya tuƙi zuwa hagu. A bar shi yadda yake, tun 1972 Najeriya ta koma dama.

Ɗora Birnin Kebbi aiki ne na yini guda. Sashen ƙera taswira yana karɓar hoton tudu da kwari na baƙi da fari, mai ɗigo 1081 a kowane gefe, wanda ke rufe kimanin kilomita 17 da 'yan kai tsawo da faɗi. A tsakiya ka sa garin, fadama ta faɗo arewa da yamma, gulbin ya shigo daga wajen Argungu ya gangara wajen Bunza. Matsala ta farko a nan take. Hoton tauraron ɗan'adam ba ya ganin ƙasan ruwa, shimfiɗe yake nuna gulbi daidai da fadamar, don haka in ka dasa maɓuɓɓugar ruwa haka nan sai ya bazu ya cinye rabin taswirar. Dole ka fara haƙa wa gulbin hanya da hannu, ka zurfafa ta 'yan mitoci tare da ɗan gangare daga sama zuwa ƙasa, ka sa ƙaramar maɓuɓɓuga a bakin taswira, ka saki lokaci ya tafi har ruwan ya natsa kafin ka ƙara ƙarfinsa. Gaggawa a nan ita ke sa a sake aiki daga farko. Bayan haka ka ja manyan hanyoyi, ta Jega da ta Argungu da ta Kalgo, ka tabbatar ɗaya ta shiga fagen farawa, wato yankin taswirar da ake fara gini a kansa, da hannun shiga da na fita, in ba haka ba ba mai zuwa garin. Ka shafa wa fadamar ƙasar noma, domin in ka ware ta a matsayin yankin gona daga baya, ba ta ƙarewa kamar ma'adinai kuma ba ta gurɓata ƙasa. Manyan motocin da gonakin za su fitar su ne za su nuna maka amfanin hanyar kewaye, sannan ka sa dokar hana manyan motoci a tsohon gari.

Wasan fage tara kawai yake bari ka saya cikin 25, kowane kusan kilomita biyu a biyu, wanda ba zai ɗauki garin har Ambursa ba.

To, a nan ne kuma aka fara rabuwa. Garin da masu wasan suka sa a ransu na Turai da Amurka ne. Gida daban, shago daban, ba shago a jikin gida, ba tela a zaure, ba mai shayi a bakin layi, ba ranar kasuwa, ba cikar titi bayan sallar Juma'a. Kabu-kabu da keke mai ƙafa uku, waɗanda su ke ɗauke da garuruwanmu, ba su cikin tsarin sufurinsa, sai irin su bas da tasi da jirgin ƙasa. Gidan da ba famfo ko ba wuta 'yan kwanaki yake yi a watse, domin wasan bai san rijiya da burtsatse da 'yan garuwa da sola ba. Wanda ya fi damuna shi ne damina. Ana ruwan sama a ciki, amma ado ne, ba ya taruwa, ba kwata, ba kwalbati, gulbi ba ya cika ya batse. Za ka iya yanka filaye a tsakiyar fadama ka cika su da gidaje ba abin da zai same su. Ga mutumin jihar da ambaliyar 2020 ta cinye wa gonakin shinkafa da gadoji, wannan giɓi ne babba, kuma malamin da zai koyar da wasan nan dole ya faɗa wa ɗalibansa haka tun ranar farko.

Akwai kuma annobar mutuwa da ke ruɗa sababbi. In ka ware babbar unguwa a lokaci ɗaya, masu shigowa tsararraki ne, tare za su tsufa, tare za su mutu. Motocin ɗaukar gawa su maƙale a hanya, maƙwabta su gudu, haraji ya faɗi. Rigakafin shi ne a riƙa ware gidaje kaɗan-kaɗan. Maƙabarta mutum 3,000 take ɗauka ta cika, daga nan wasan yana tura ka ga gidan ƙona gawa, abin da ba namu ba ne. Ana iya kauce masa da maƙabartu da yawa a warwatse, kowace a bakin matsakaicin titi don motocinta su fita da sauri.

Yawancin waɗannan giɓoɓin jama'ar wasan ne suka yi ta cikewa, da gyare-gyaren da ake kira mod. Harmony shi za ka fara saukewa, domin da yawa a kansa suka dogara. TM:PE yana ba ka iko a kan kowace mahaɗa, ka ce wannan layi dama kawai, ka tsara danja, ka hana motoci ɓacewa don ka ga ainihin cunkoson. Move It yana matsar da duk abin da aka riga aka gina, da shi ake fitar da karkatattun lungunan unguwar Shiyar Fada ta Birnin Kebbi waɗanda ba sa bin gurbi. 81 Tiles yana buɗe taswirar baki ɗaya, Ploppable RICO yana bari ka dasa ginin da ka zaɓa da hannunka, Loading Screen Mod kuma yana rage nauyin lodi. Kada a haɗa biyu masu aiki iri ɗaya, kuma kowane gini da ka sauke ka duba jerin abubuwan da ya dogara da su a gefen shafinsa, in ba haka ba zai fito ba bishiya ba katanga. Wanda ya cire titin da aka riga aka yi amfani da shi a gari yana iya rasa garin gaba ɗaya, don ajiyar takan ƙi buɗewa.

Masallatai akwai su a rumbun, galibi fasalin Turkiyya da ƙasashen Larabawa. A 2023 an fitar da ƙunshin gine-gine na sayarwa mai suna Africa in Miniature, kuma ya kyauta. Amma soro mai zanko, zaure, katangar tubali, rumfunan kasuwa, injin casar shinkafa, waɗannan da ƙyar na ci karo da su, kuma ba wanda zai zana mana su in ba mu ba. Ɗalibin zanen gini na kwalejin Waziri Umaru da ya iya manhajar Blender, wadda kyauta ce, zai iya ƙera zaure ɗaya, ya rage masa nauyi, ya shigar ta sashen ƙera gini ya ɗora, duniya ta sauke.

Batun na'ura: ram mai gigabait 8 zai ɗauki wasan tsurarsa, amma da ka fara tara gine-gine sai 16, kuma a sami katin hoto na daban. Kwamfutar cinya tana zafi sosai da shi, musamman a bazarar Maris da Afrilu, a ɗaga ta daga kan katifa. A kunna ajiya ta kai-tsaye a cikin saituna saboda ɗaukewar wuta. Bayan an sauke shi yana tafiya ba intanet.

Wanda zai saya ya sayi na Steam, domin shi ne mai ƙofar rumbun kai-tsaye, na shagon Epic ba shi da ita. Ya jira rangwamen ƙarshen Yuni ko na ƙarshen Disamba. Cikin ƙarin da ake sayarwa daban, Mass Transit na 2017 da Industries na 2018 su suka fi amfani ga gari irin namu, Snowfall kuwa dusar ƙanƙara ce, ana iya tsallake shi. Kashi na biyu na wasan ya fito 24 ga Oktoba, 2023, ya kawo gini mai shago a ƙasa da gida a sama, amma yana neman na'ura mai ƙarfi ƙwarai, kuma kayan da aka tara wa na farko cikin shekara goma ba sa aiki a cikinsa. Mai kwamfuta irin wadda aka fi samu a hannun ɗalibanmu, na 2015 ɗin zai nema.