Daga Alberta: bawul mai takarda da marar takarda

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaye ni ko bawul da bututun nan Kanada sun fi na Ƙofar Ruwa inganci, kuma ko yaron wajenka mai walda zai samu aiki in ya zo. Na ga wasu ma za su amfana da amsar, shi ya sa na rubuta a fili.

Ƙarfen dai kusan ɗaya ne. Yawancin bawul da gwiwar bututun da muke ɗaurawa a masana'antun Edmonton da Fort McMurray daga waje ake kawo su, China da Indiya da Italiya, inda naku ma ke fitowa. Abin da ya raba su takarda ce. Duk bututun da zai ɗauki tururi ko iskar gas da matsin da ya haura kilofaskal 103 ya shiga hannun hukuma. A lardinmu na Alberta hukumar ABSA ke riƙe da wannan aiki tun 1995, a lardin Ontario kuma hukumar TSSA. Kafin bawul ya hau irin wannan layi, sai kamfanin da ya ƙera shi ya kai zanensa an duba, an ba shi lambar rajista da ake kira CRN, wadda ke aiki shekara 10 kafin a sabunta. Bawul ko sabo ne fil a kwali, in babu wannan lamba, sufeto ba zai ko taɓa shi ba.

Wannan lamba tana da abin haushi. Bayan ɗigon da ke cikinta akwai alƙalumman da ke nuna lardunan da suka amince: 2 na Alberta ne, 5 na Ontario, 1 na British Columbia. Sai ka ga kaya an yi masa rajista a Toronto, ƙasa ɗaya, amma ya iso nan yana zaune a sito ana jiran 2 ta fito. Kamar a ce buhun da aka auna a Dawanau sai an sake auna shi a Zariya. Ni dai har gobe ina ganin wannan ɓata lokaci ne, kuma mai saye ke biyan kuɗinsa.

Sauran tsarin kuwa na sara masa. Idan cikin bututun gaba ɗaya ya wuce lita 500, zanen layin ma sai injiniya mai lasisi ya buga hatiminsa, an yi masa rajista, bisa ƙa'idar ASME B31.3 ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka in na matata ne ko masana'antar sinadarai. Kowane tsayin bututu da lambar da masana'antar ƙarfe ta buga masa, da takardar da ke faɗin abin da aka narka a ciki. In za ka yanka shi, sai ka fara kwafe lambar a ɗaya gefen. Ba tsirfa ba ce, sanyi ne ya jawo: ƙarfen gama-gari yakan yi gautsi ƙasa da digiri 29 a ƙarƙashin sifili, nan kuwa hunturu yana kaiwa 40, don haka layin waje da ƙarfe na musamman ake yinsa, ido kuma ba ya bambanta su. Da an gama, a ɗauki hoton wasu mahaɗan da na'urar eksire, a cika layin da ruwa, a matsa shi ninki ɗaya da rabi na abin da aka zana masa, a bi kowace mahaɗa ana neman yoyo, sannan a sa hannu a takarda.

Kullum ina tuna masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa in ana maganar bututun iskar gas na AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Babban layin akwai masu ido a kansa. Wanda zai shiga cikin masana'anta, daga mita zuwa tukunyar tururi, shi ne abin jin tsoro, domin a can mai kaya yakan ce "wannan orijina ne", kuma shi ke nan shedar.

Batun yaro. Hannun masu waldarmu na Panteka bai gaza na kowa ba, amma nan hannu kaɗai ba ya ba ka aiki. Sai ya fara samun takardar cikakken mai walda ta lardi, wadda ɗan koyo ke shekara 3 kafin ya samu, sannan ya zauna jarrabawar ABSA ta waldar matsi. Za a ba shi bututu mai inci 6 a kafe, ba juyawa, ya zagaye shi da walda, a yanko ɓangarori a lanƙwasa. In ya tsage, ya faɗi. Katin da ake ba wanda ya ci ma ba ya wuce shekara 2 sai an sake gwaji, kuma kowace mahaɗar da ya yi tana ɗauke da alamarsa.

Wanda ya yi aiki a waje ana iya lissafa masa shekarunsa, in yana da sheda. Don haka ka sa shi tun yanzu ya bi duk inda ya taɓa aiki ya karɓo wasiƙa mai hatimi, da ranar farawa da ta gamawa da irin waldar da ya yi. Ya rage waldar ƙofa da taga, ya nemi inda ake waldar bututu ko da kuɗin kaɗan ne. A gaida su Hajiya.