Sigma 56mm f/1.4 DC DN: gilashi ɗaya, amma aikinsa ya danganta da sensar da ke bayansa

Sigma ta fitar da wannan gilashin kyamara a 2018, da farko don kyamarorin Sony masu bakin E da na Micro Four Thirds, daga baya ta ƙara Canon EF-M, bakin L, Fujifilm X, Nikon Z da Canon RF. Gilasan da ke ciki duk ɗaya ne: guda 10 a rukuni 6, ganyen ƙofar haske 9, bakin filta milimita 55, nauyi wajen giram 280. Bakin da ake ɗaurawa a jikin kyamara ne kawai ya bambanta. Amma mutum biyu za su saye shi, ɗaya ya ce ya dace da hoton fuska, ɗayan ya ce ya matse shi a ɗaki, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Dalilin yana cikin girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ya mayar da shi hoto. Cikakkiyar sensa, wadda masu sana'a ke kira ful-firem, milimita 36 ce da 24. Ta APS-C a Sony, Fujifilm da Nikon wajen 23.5 ce da 15.6, don haka ake ninka lambar gilashi sau 1.5 in za a kwatanta da ful-firem. Ta Canon ta ɗan fi ƙanƙanta, 22.3 da 14.9, sau 1.6 ke nan. Ta Micro Four Thirds kuwa 17.3 ce da 13, sau 2. Gilashin yana nan a 56mm ɗinsa duk inda aka ɗaura shi, ƙaramar sensa ce ke ɗaukar tsakiyar hoton ta bar gefuna. Faɗin da zai nuna a Sony daidai yake da na 84mm a ful-firem, a Canon kusan 90mm, a Olympus ko Panasonic masu Micro Four Thirds 112mm.

A auna shi da ƙafa. Idan ka tsaya mita 2 daga mutum, kyamara a kwance, Sony za ta ɗauki faɗin santimita 84, Canon wajen 80, Micro Four Thirds wajen 62 kacal. Kafin ka samu faɗin da mai Sony ya samu, sai ka ja baya zuwa mita 2.7. A fili wannan ba komai ba ne. A ƙaramin ɗakin ɗaukar hoto, bango ne zai tare ka, hoton mutum tun daga kai har ƙafa kuma ya gagara.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne f/1.4, lambar da ke nuna buɗewar ƙofar haske: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Wajen auna haske, f/1.4 ɗin nan bai canza ba: shota (tsawon lokacin shigar haske) da ISO (ƙarfin jin haske) ɗin da za ka sa a Sony su za ka sa a Panasonic. Dishi-dishin baya ne ke canzawa idan aka daidaita girman mutum a hoton, kuma shi ma da ninki ɗaya ake lissafa shi. A APS-C zai yi kama da f/2.1 na ful-firem, a Canon f/2.2, a Micro Four Thirds f/2.8. Hanya mafi sauƙi ta kwatanta gilasai biyu ita ce a raba milimitan da lambar f, a samu faɗin ƙofar. Na wannan 40 ne. Sony FE 85mm f/1.8 yana ba da 47, Olympus 45mm f/1.8 kuma 25. Wato a kan APS-C Sigman ya kusa kama 85mm ɗin ful-firem, bambancin sai an jera hotunan biyu za a lura da shi, kuma ya fi shi sauƙin nauyi da wajen giram 90.

Kaifinsa shi ne babban abin yabo. Tun daga f/1.4 tsakiyar hoton tas take, ba sai an rage ƙofa ba, gefuna kuma suna gyaruwa daga f/2 zuwa f/2.8. Fokas ɗinsa yana da sauri kuma ba ya ƙara, abin da ke da amfani a bidiyo. Sai dai a kiyaye: a mita 2, ƙofa a buɗe, abin da ke fitowa da kaifi bai wuce zurfin santimita 7 ba a APS-C. Mutum ya ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fita daga fokas. Idan mutum biyu ne a hoton, a koma f/2.8 ko f/4.

Yana da aibinsa. Layuka miƙaƙƙu da ke gefen hoto suna lanƙwasowa ciki, kusurwoyi kuma suna ɗan yin duhu a f/1.4. Kyamara na gyara wannan a JPEG, amma mai aiki da RAW, ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, sai ya kunna gyaran gilashi a manhajarsa. A Micro Four Thirds matsalar ta ragu, tunda sensar ba ta kai gefunan ba. Ba ya fokas ƙasa da santimita 50, don haka ba na ɗaukar zobe ko ƙananan kaya ba ne. Ba shi da zoben ƙofar haske, abin da masu Fujifilm za su ji rashinsa. Ba shi kuma da na'urar hana girgiza. A kan Sony a6400 ko ZV-E10, waɗanda su ma ba su da ita a jiki, kada shota ta sauka ƙasa da 1/100 na daƙiƙa. Wajen zaɓar saurin shota ma lambar da aka ninka, wato 84, ce ake bi, ba 56 ba.

Rana tsaka wata matsala ce daban. A ISO 100 da f/1.4 ana bukatar shota wajen 1/12800, alhali a6400 ta tsaya a 1/4000, sai hoton ya ƙone fari fat. Filtar rage haske ta ND8 mai baki 55 tana maganin wannan. Mai bidiyo kuma ya sani cewa 4K a firem 30 a daƙiƙa a wannan kyamara yana ƙara yanka kusan sau 1.2, gilashin ya koma kamar 100mm.

Mai ful-firem ya haƙura da shi. Zai hau Sony a7 III, amma da'irar hotonsa ba ta rufe sensar, sai kyamara ta yanka, megafiksel 24 su koma wajen 10. Ga mai APS-C da ke ɗaukar fuskoki, da wuya a samu gilashi mai wannan girma da ya fi shi. Mai Micro Four Thirds kuwa, in aikinsa a waje ne, 112mm zai yi masa daɗi. In a ɗaki ne, ya fara gwada 45mm ko 42.5mm kafin ya biya kuɗin wannan.