Gargaɗi ga masu ɗaukar hoto: an cuce ni N950,000 a cinikin lens

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoye cibi. An damfare ni naira dubu 950 a cinikin lens, wato gilashin da ake ɗaura wa kyamara, kuma mutumin da ya yi min wannan aika-aikar yana nan har yanzu yana tallan kaya a zaurukan WhatsApp na masu ɗaukar hoto, lamba kawai ya canja. N950,000. Ban da dubu 15 na mota, shi ma ni na biya. Da na so in haɗiye abina don kunya, sai ga wani yaro da na koya wa aiki ya turo min hoton lens ɗin nan, hoton nan dai da macucin ya turo min, a kan zanen gado ɗaya mai shuɗin fure, yana tambayata wai ya tura kafin alƙalami? Wallahi sai da jikina ya ɗauki rawa.

Kafin wani ya zo min da "araha ba ta ado", babu wata araha a ciki. Dubu 950 ba kuɗin banza ba ne, kuma bai yi nisa da abin da ake neman tsohon lens irin wannan ba a lokacin. Da ya ce min dubu 400 ne, ni ma da na gudu. Ni ba sabon shiga ba ne a sana'ar nan, na san abin da nake nema: Canon EF 70-200mm f/2.8L IS II, wanda ya fito a 2010. Kyamarata 6D ce, babu na'urar hana girgiza a jikinta, don Canon ba su fara sa wa a jikin kyamara ba sai a R5 da R6 a 2020. Ke nan in ina son hoto ya tsaya cak, dole a cikin lens zan samu wannan na'ura, wadda ake kira IS. Duk mai aikin biki ya san halin da ake ciki a wurin kamu: amarya na zaune a lulluɓe, mata sun kewaye ta, kai namiji ba za ka kutsa cikinsu ba, sai dai ka tsaya daga nesa ka zuƙo. A 200mm, wato ƙarshen zuƙowar lens ɗin, in babu IS, ƙa'idar ita ce kada saurin ɗaukar hoto ya sauko ƙasa da 1/200 na sakan, in ba haka ba rawar hannunka ta ɓata hoton. To ina za ka samu hasken 1/200 a ɗakin dina da aka kashe fararen fitilu aka kunna masu launi? Shi IS II, a faɗar kamfanin, yana ba ka rangwamen mataki huɗu, wato kana iya saukowa wajen 1/15 in wanda kake ɗauka a zaune yake. Masu rawa kam ba ya tsayar da su, na san wannan. Amarya a zaune nake so. Abin da na yi adashi dominsa ke nan.

Kuma na bincika. Ina so a ji wannan da kyau, na bincika. Ban yarda da hoto ba, na ce sai kiran bidiyo. Mai kayan ya kira nan take, ko gardama babu. Bahaushe ne kamar ni, ya ce a Legas yake zaune, yana kawo kayan hoto na hannu daga Ingila. Na ce ya juyo min gefen lens. Ya juyo: makunnai huɗu reras, na tazara mai rubutun 1.2m da 2.5m, na AF da MF (saita hoto da kansa ko da hannu), na kunna IS, da na zaɓen 1 ko 2. Na ce ya ɗaura a kyamara. Ya ɗaura. Sai ya kawo lens ɗin daf da bakin wayarsa, ya danna maɓallin ɗauka rabi, na ji wannan 'yar ƙarar, ƙyas, sannan zzz, ƙarar da IS ke yi in ya kama aiki. Ya ce, "Ka ji ko, Malam? Ni ba na cin haram." Na ji. Da kunnena na ji. "Ka ji ko, Malam?" Maganar nan ita ke hana ni barci. Wane ne a cikinku zai ji ƙarar nan ya ce ƙarya ne? Lens ɗin gaske ne ya nuna min, ba jabu ba. Kawai dai ba shi ya aiko ba.

Dubu 400 na fara turawa. A'a, kafin nan ma akwai maganar lambar jikin lens, na ce ya karanta min, ya ce hasken ɗakin ba shi da kyau, zai ɗauka ya turo. Ya turo kuwa, amma lambar kwali, kuma tana daidai da kwalin da ya iso hannuna, shi ya sa a tasha ban ga wani abin zargi ba. To, dubu 400 kafin alƙalami. Ya tura min bidiyo yana sa lens a jakarsa, yana sa jakar a kwali, yana naɗewa da salatif, ya rubuta sunana da lambata da maka. Ya ce da zarar direba ya kira ni ya tabbatar kaya na hannunsa, sai in tura cikon dubu 550. Direba ya kira. Na tura dubu 550. Ɗari huɗu da ɗari biyar da hamsin, dubu 950 cif. Har addu'a ya yi min da ya ga alat, wai Allah Ya sa in ci arziki da shi.

Ina tsakiyar magana da shi wata rana ya ce min, "Malam, bari in yi Magariba in kira ka." Ya kuma kira bayan sallar. Wannan ma yana cikin abin da ya kwantar min da hankali, kuma ba na jin laifina ne don na ɗauki mai sallah a matsayin mai amana.

Da na buɗe a gida, farin lens ne, da jan zobensa, bakinsa 77mm, komai kamar shi. Ina juya gefe na ga makunnai biyu. Biyu! Na tazara, shi ma 1.5m da 3m aka rubuta, sai na AF da MF. Babu rubutun IS ko ɗaya a jikinsa, babu baƙar robar nan da ke gindin IS II mai tare ƙura da ruwa. Tsohon 70-200mm f/2.8L ne marar IS, samfurin da ya fito tun 1995, aka cusa a kwalin IS II. Na ɗaura a kyamara duk da haka, na danna rabi, na kara kunne. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Shi kansa wannan tsohon lens ba abin rainawa ba ne in yana da lafiya, mutane sun ci abinci da shi shekara da shekaru, amma ba shi na saya ba, kuma kuɗinsa ba ɗaya ba ne. Wannan kuwa ko lafiyar ba shi da ita. Na kai wa wani dattijo mai gyaran kyamara a Sabon Gari, ya haska tocila ta baya, ya ce, "Yaro, zo ka gani." Fumfuna ce ta yi saƙa a gilashin ciki kamar yanar gizo-gizo. Ya ce ko an wanke, in ta riga ta cinye shafen gilashin, tabon ba ya fita. Ya tambaye ni nawa na saya. Na kasa buɗe baki in ce dubu 950.

Na manta ban faɗa ba, tun a tasha na kira shi in ce kaya ya iso, ya ɗauka, ya ce alhamdulillahi. Bayan na buɗe ne ya fara cewa wai yaronsa ne ya yi kuskuren kwali, in mayar masa zai canja, amma in ƙara dubu 30 na mota zuwa da dawowa. Bayan dubu 950! Na ce ya fara dawo min da kuɗina, ko rabi. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a. Kafin Juma'ar ya toshe ni, hoton fuskarsa ya ɓace, lambar kuma a kashe. Sunan da ke kan asusun da na tura kuɗi ma ba shi ne sunan da ya faɗa min ba. Ya ce na matarsa ne, kuma mutane nawa ne ke karɓar kuɗi ta asusun matansu? Direba kuwa ya rantse kwali a naɗe aka ba shi, kuma na yarda da shi, don salatif ɗin babu inda aka taɓa. Musayar tun a ɗakin macucin aka yi ta, bayan ya kashe bidiyo.

Bikin da na karɓi kuɗinsa saboda lens ɗin nan, haya na je na ɗauko na yi shi. Adashin kuma ina nan ina zubi duk wata, na kuɗin da wani ya cinye.

Na kai ƙorafi banki, na kai wa hukuma, ina jira. Hotunan hirarmu duk suna nan, da rasit biyu, na dubu 400 da na dubu 550, da bidiyon naɗe kwalin, da hoton makunnai biyun nan. Zan ɗora su da zarar wanda ke bin min maganar ya ce in ɗora. Muryarsa ma tana wayata.

Ku kuma, kada ku tura ko kwabo sai lens na kan kyamararku. Ku ƙirga makunnai, ku duba lambar da ke jikin lens ba ta kwali ba, ku haska tocila ciki, ku zuƙo zuwa 200mm ku danna rabi ku ga hoton ya daina rawa. In kaya na wani gari, ku tura wanda kuka sani ya karɓa hannu da hannu. Duk wanda aka turo masa hoton farin lens a kan zanen gado mai shuɗin fure, ko wanda mutumin nan ya riga ya cuta, ya yi min magana ta akwatin saƙo, ina haɗa sunayenmu ne a kai gaba tare. Ni dai ban yafe ba, dubu 950 ɗina sai ya biya ni, ko nan ko gaban Allah.