Sifili ko kashi 5: wane sassaucin VAT ne ya dace da gyaran banɗakin Hajiya?

Ɗan'uwanmu na Manchester ya kawo tambaya. Mahaifiyarsa 'yar shekara 68 tana zaune a gidansa, shekara biyu ke nan da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Yana so a cire bahon wanka a sa shawa wadda ba ta da tudu, a faɗaɗa ƙofar banɗakin, a kuma sa kujerar nan mai lantarki da ke hawa da mutum bene. Magini na farko ya rubuta masa VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya da ayyuka, kashi 20 cikin ɗari, na biyu ya ce ai tunda ta haura shekara 60 kashi 5 ne. Wanne ya faɗi daidai?

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. A yadda ka bayyana halin da take ciki, babu wanda ya faɗi daidai a cikinsu. Sassauci iri biyu ne a Birtaniya, mutane kuma suna yawan haɗa su a tukunya ɗaya. Akwai na shekaru, wato kashi 5. Akwai na larura, wanda ba a biyan ko sisi. Hajiya ta shiga duka biyun, to me zai sa ka ɗauki ƙaramin sassaucin?

Na kashi 5 shekaru kawai yake dubawa. An fara shi a 2007, kuma duk wanda ya kai 60 ya shiga, ko da kullum asuba yana zagaya unguwa da ƙafa. Sai dai jerin kayansa gajere ne: ƙarfen dafawa da ake kafawa a bango, gangaren keken guragu, kujerar hawa bene, na'urar saukar da mutum cikin baho, shawa mai wurin zama a jikinta, da baho mai ƙofa. Sharaɗinsa, wanda ya sayar da kayan shi ne zai kafa su. Idan ka sayo ƙarfen a shago ka zo ka ɗaura da kanka, cikakken haraji za ka biya. Gyaran kayan idan sun lalace ma ba ya ciki.

Na sifili kuwa ba ruwansa da shekaru, jariri da tsohuwa duk ɗaya ne. Abin da yake tambaya shi ne ko mutum yana da naƙasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa mai ɗorewa wadda take hana shi harkokin yau da kullum sosai, ko ciwon da likitoci suka ɗauka a matsayin na dindindin kamar ciwon sukari, ko ciwon da aka tabbatar na ajali ne. Karayar ƙafa da za ta warke cikin wata uku ba ta ciki. Tsufa shi kaɗai ma ba ya ciki. Ba a duba albashinka, ba a duba ko tana karɓar tallafin gwamnati, ba a kuma neman wata rajistar naƙasassu. Gidan ma ba dole sai nata ba, ya isa a ce nan ne mazauninta.

A nan ne mutanenmu suke asara, kuma ba dokar ce ke jawo musu ba. Kalmar ce take yi mana nauyi a baki. Ɗa ba ya son ya sa hannu a takardar da ta kira mahaifiyarsa naƙasasshiya, sai ya ce ai jikin tsufa ne kawai. Na fahimci kunyar. Amma dubi abin da ke faruwa da safe: Hajiya ta tsaya a bakin baho, hannu ɗaya a jikin bango, ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa ta tsallake gefen, har sai matarka ta zo ta ɗaga mata. Alwala kuma a kan kujerar roba take yi, da buta, ruwa na malala a tayil mai santsi. Wannan halin shi takardar take nufi, ba wani abu ba.

Bambancin ya fi fitowa a banɗaki. A tsarin kashi 5, shawa mai wurin zama da ƙarafan dafawa ne kawai za su samu ragi, sauran aikin gyaran ɗakin ya koma kashi 20. A tsarin sifili kuwa, samar da banɗaki ko bayi, faɗaɗa shi, ko sauya masa fasali saboda larurar mutum, duk ya shiga, har da kayan aikin da maginin ya kawo da aikin famfo. A ce kuɗin aikin fam 8,000 ne kafin haraji. Magini na farko zai ɗora maka fam 1,600. Da a ce duka aikin zai shiga kashi 5, fam 400 ne, amma ba duka zai shiga ba. A sifili fam 8,000 ɗin nan ita ce ƙarshen magana. Kujerar bene ta fam 3,000 kuma harajinta 600 ne, ko 150, ko babu.

Faɗaɗa ƙofa sam ba ya cikin jerin kashi 5, don haka magini na biyu a nan ma ya kuskure. Yana cikin na sifili, tare da faɗaɗa lungu ko hanyar da take bi a cikin gidan, da gina gangare, da sa lif tsakanin hawa da hawa. Har filasta da fentin da za a mayar a gefen ƙofar bayan an fasa bangon suna ciki, amma fentin falo gaba ɗaya don ya dace da sabon launi naka ne.

Kada kuma a ɗauka sifilin nan ya rufe komai, yana da ƙa'idojin da wani lokaci sai ka girgiza kai. Faɗaɗa ƙofar da ke nan ya shiga, fasa sabuwa inda babu, ko mayar da taga ƙofa, bai shiga ba. Gangare ya shiga, shimfiɗa wurin shigar mota bai shiga ba. Wanda ya fi ci wa iyalai tuwo a ƙwarya shi ne ɗakin kwana. Mutum ya ga mahaifiyarsa ba ta iya hawa sama, ya ce bari in gina mata ɗaki a ƙasa, sai ya tarar ɗakin kwana cikakken kashi 20 ne, komai tsananin larurar. Idan ɗakin yana da banɗaki a ciki, ɓangaren banɗakin kaɗai ake cirewa. Sabon kicin da na'urar ɗumama gida su ma ba sa ciki. Kuɗin mai zanen gini da ka ɗauka da kanka ma akwai haraji a kansa. Ni dai ban ga hikimar raba ɗaki da banɗaki ba, amma haka dokar VAT ta 1994 take.

Yadda ake yi ba wuya. Za a rubuta takardar shaida mai ɗauke da sunan Hajiya, adireshinta, irin larurar, da aikin da za a yi, ta sa hannu. Idan hannun ba ya riƙe biro, mai kula da ita zai iya sa mata. Hukumar haraji ta HMRC tana da samfurin takardar a intanet. Magini ake miƙa wa, ba hukumar ba, shi zai ajiye a cikin takardunsa. Abin lura shi ne HMRC ba ta mayar wa mutum da kuɗin nan. Tun farko ne magini ba zai caje ka ba. Idan ka riga ka biya, wurinsa za ka koma ya gyara lissafi ya dawo maka da naka, kuma kowa ya san bin magini bashi bayan ya kwashe kayan aikinsa.

Ka yi wa maginan uzuri kaɗan. Alhakin cajin harajin da ya dace a wuyansu yake, idan suka yi kuskure su za a tuhuma, shi ya sa wanda bai saba ba yake gwammace ya rubuta 20 ya huta. Ka nuna masa takardar bayanin HMRC mai lamba 701/7, sashen aikin gini. A gefenmu kuma a rubuta gaskiya, domin shaidar ƙarya tana da hukunci.

Idan ƙaramin magini ne wanda cinikinsa bai kai fam 90,000 a shekara ba, mai yiwuwa ba shi da rajistar VAT. Ba zai caje ka haraji a kan aikin hannunsa ba, amma harajin da ya biya a shagon kayan gini yana cikin farashin da ya ba ka. Sai ka kwatanta jimillar kuɗin, ba layin haraji kaɗai ba.

Kafin a ɗaga guduma, tuntuɓi ƙaramar hukumarku kan tallafin Disabled Facilities Grant, wato kuɗin da ake ba masu larura don gyara musu gida. A Ingila yana kaiwa fam 30,000, a Wales 36,000. Shi ana duba abin hannun mai larurar idan babba ne, kuma galibi sukan turo jami'i ya ga yadda take tashi, zama da shiga banɗaki. Idan ka fara aiki kafin su amince, za ka iya rasa shi. Bai hana ka sassaucin VAT ba, ana haɗa su.

Ka koma wurin maginan biyu ka ce kowa ya sake rubuto farashi dalla-dalla: banɗaki a layinsa, ƙofa a layinta, kujerar bene a layinta, kowanne da harajinsa a gefe. Idan akwai fentin falo ko wani ƙarin aiki da uwargida ta saƙala a ciki, shi ma a ba shi layinsa daban da kashi 20 ɗinsa.